Tsohon kududdufi a sabon rukunin gidaje: a cike shi ko a bar shi?

Ɗan Safiyo:
Assalamu alaikum. Ina neman shawararku, musamman iyayenmu da yayyenmu a wannan sana'a. Ni safiyo ne a wani kamfanin injiniyoyi, mu huɗu ne a sashen awo. An ba kamfaninmu aikin tsara rukunin gidaje a wata tsohuwar gona mai hekta 20 a bayan garin Kano. Abin da aka turo mu yi shi ne mu fitar da iyaka, mu yanka fuloti, mu kafa turakun siminti. To da yake na'ura tana hannunmu, sai muka ɗauki tsayin ƙasar gaba ɗaya, duk bayan mita 10. Da muka zuba a kwamfuta sai ga abu ƙarara: filin kaf ɗinsa gangarowa yake zuwa kusurwar kudu maso gabas, inda akwai wani tsohon kududdufi da ƙasansa ya fi bakin titi zurfi da mita biyu da rabi.

Akwai abokiyar aikinmu mai tsara shimfiɗar waje, wato ita ke zana inda bishiyoyi da hanyoyin ruwa da wuraren hutu za su zauna. Ita kaɗai ce mai wannan karatun a kamfanin. Ta ce a bar kududdufin, a gyara bakinsa, a kewaye shi da itatuwa, ya zama matattarar ruwan unguwar. Mai filin ya ce sam, wurin zai ba shi fuloti 14 na hamsin da ɗari, a kawo tifofin marmara a cike. Ranar Alhamis za a zauna. Tambayata: ni da aka ɗauka don awo, ina da bakin magana a nan? Ni zan kafa turakun, kuma hannuna ne zai hau kan takardar.

Injiniyan Titi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, gaskiya ita ce aikinka ya ƙare daga inda ka miƙa taswira. Ka nuna gangare, ka nuna kwari, shi ke nan. Maganar ruwa ta injiniya ce. A cike wurin, a danne shi da kyau, a ja babban lambatu na kankare ya fitar da ruwan waje. Mun yi irin wannan ba sau ɗaya ba. Ni ban ga abin da kududdufi ke haifarwa a cikin unguwa ba ban da sauro da bola da gawar yara. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san yaron da ruwan kududdufi ya ci.

Maman Ilham:
Injiniya, ina wuni. Ka ce lambatu ya fitar da ruwan waje. Wajen ina? A can wajen ma mutane ne, sai dai su ba su da injiniya.

Ni ma aikin shimfiɗar waje nake yi, a wani kamfanin daban, kuma na san halin da abokiyar aikinsa ke ciki. Mutane ɗauka suke mu masu shuka furanni ne. Sai an gama gini an shafa fenti, sannan a kira mu a ce a sa ɗan kore a bakin ƙofa. Alhali lokacin da ake buƙatarmu shi ne ranar da safiyo ya dawo daga fili da alƙalumansa, kafin a ja layi ko ɗaya.

Bari mu yi lissafin tare, kowa ya gani. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Hekta murabba'in mita 10,000 ce. Idan aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a Kano cikin watan Agusta, hekta 20 ta karɓi lita miliyan 10. Lokacin da wurin yake gona, ƙasa na shanye mafi yawansa. In aka rufe shi da kwano da kwalta da intalok, a ƙaddara kashi 70 cikin 100 zai gudu a sama. Lita miliyan 7 ke nan, sama da tankar mai 200 irin mai lita 33,000, kuma cikin 'yan sa'o'i. Yanzu dubi fuloti 14: kowanne kusan murabba'in mita 465, a haɗe sun haura 6,500. Ramin da ke da wannan faɗin, in zurfinsa ya ɗan wuce mita 1 a matsakaici, zai riƙe kusan duka ruwan nan. Kududdufin da ake son a kashe kuɗi a cike, daidai yake da tankin da za a buƙata. Kyauta aka same shi.

Injiniyan Titi:
Hajiya, lissafinki daidai ne, ban ja ba. Amma ba ki amsa maganar sauro da yara ba.

Maman Ilham:
Zan amsa. Ba cewa aka yi a bar shi yadda yake ba. Sauro yana buƙatar kamar mako guda zuwa kwana 10 a ruwa mai kwanciya kafin ƙwai ya zama mai cizo. Abin da ake tsarawa shi ne wurin ya karɓi ruwan a lokacin da ake tafka shi, ya riƙa sakinsa a hankali ta ƙaramin bututu, wani kuma ya nutse ƙasa, ya zama cikin kwana biyu zuwa uku ya tsane. Da rani fili ne busasshe, yara su buga ƙwallo a ciki. Bakin kuma ba a barin shi a tsaye kamar rijiya, kwantar da shi ake yi yadda ko ƙaramin yaro zai iya takowa ya fito. Kududdufan da suka ci yara ramukan haƙar ƙasa ne masu gaɓa a miƙe, ga laka ga zurfi. Ni ma uwa ce, Injiniya, ba zan zana abin da zan hana 'yata zuwa kusa da shi ba.

Alhajin Filaye:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ɗan boko ba ne, dillancin fili nake yi shekara da shekaru. Kuna magana kamar fuloti 14 wasa ne. Mutumin nan kuɗinsa ya sa ya sayi gonar, ya biya kuɗin takardu, ya biya ku. Wa zai mayar masa da kuɗin fuloti 14? Kuma in ya bar wurin, na rantse muku bayan shekara biyar wani ne zai zo da takarda ya ce nasa ne, ya cike ya gina shaguna. Mun sha gani. Filin makaranta da na maƙabarta ma ba su tsira ba, balle rami.

Baba Tsohon Safiyo:
Salamu alaikum yarana. Na karanta duka. Ni na fara aiki tun ana jan sarƙa ana leƙa tiyodalait, muna kwana a daji muna neman turken gwamnati da ciyawa ta binne. Bari in fara da kai, Ɗan Safiyo.

Wanda ya ce maka aikin safiyo iyaka ce kawai, rabin aikin ya gaya maka. Ƙasa tana da tsawo, tana da faɗi, tana da tudu da kwari. Mu da kanmu muka bari aka mayar da mu masu kafa turke, saboda nan kuɗin gaggawa yake. A ƙasa mai shimfiɗe irin ta Kano, bambancin rabin mita shi ke raba gidan da zai kwana lafiya da wanda za a kwana ana kwalfe ruwa da bokiti. Ido ba ya ganin rabin mita a faɗin hekta 20. Kai kaɗai ka gan shi, don kai ka auna. To in ka yi shiru wa zai faɗa?

Sannan ku dubi sunayen unguwanni, mutanen da ba su da na'ura sun riga mu yin awon. Tudun Wada, Tudun Murtala, Tudun Maliki. Sai kuma Kurmi, Kwarin Gogau, Kantin Kwari. Da ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata dukiyar 'yan kasuwa, ai sunan wurin ma ya isa bayani. Kududdufan cikin birni kuwa asalinsu ramuka ne da aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa. Kowace unguwa ta haƙi nata, kuma shi ke karɓar ruwanta in damina ta kankama. Muna kallo aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana zuba shara, in ta taru a danne da ƙasa a yanka. Rafin Jakara ma an zuba masa kankare an shimfiɗa titi a kansa. Ruwan saman bai ragu ba, masaukinsa ne aka rage.

Abin da zan ce ka yi: ka rubuta. Kada ka tsaya a faɗa da baki a wurin taro. Ka fitar da taswirar tudu da kwari, ka sa kibiyoyin inda ruwa ke bi, ka rubuta rahoto na shafi ɗaya da kwanan wata, ka miƙa wa shugaban sashenku, ka ajiye kwafi. Hukumar SURCON da ta yi mana rajista ba ta ba mu hatimi don ado ba.

Ɗan Safiyo:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Taswirar tana nan. Abin da ya ɗan dame ni shi ne wani a ofis ya buɗe bayanan tauraron ɗan'adam na kyauta ya ce shi bai ga wani kwari a wurin ba.

Baba Tsohon Safiyo:
Ba zai gani ba. In na SRTM ne, a shekarar 2000 aka ɗauke shi, kowane ɗigo ɗaya yana wakiltar kusan mita 30, kuma kuskurensa a tsayi yana kai mitoci. Yaya abin da ke kuskuren mitoci zai nuna maka ramin mita biyu da rabi? Na'urarka mai tasha a ƙasa santimita take kuskure. Ka kuma tabbata kun daidaita ma'auni. Tsofaffin taswirorinmu a kan ma'aunin Minna suke, GPS kuma a kan WGS84. In aka ɗora ɗaya kan ɗaya ba a juya ba, sai ka ga rafi ya matsa gomman mitoci daga inda yake, a zo a yanka fuloti a cikinsa ana ganin gefe ne.

'Yar Gwange:
Ni ba injiniya ba ce, malamar makaranta ce a Maiduguri, ƙanena ne ya sa ni a nan. Daren 9 ga Satumba 2024 mun kwanta a gidanmu, kafin gari ya waye ranar 10 ruwan madatsar Alau ya shigo. Da kayan jikinmu muka fita. Ruwa ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu, ya shiga asibitin koyarwa, har dabbobin gidan zu sai da ya kwashe. Mahaifiyata ta ce haka aka yi a 1994, kuma wuraren da ya bi a wancan karon su ya sake bi. Shekara 30 tsakani, an manta, an yi gine-gine har bakin Ngadda. Don Allah duk wanda ya auna ya ga inda ruwa zai kwanta, ya faɗa. Wanda zai sayi fulotin nan ba zai taɓa ganin taswirarku ba. Da rani za a kai shi, ya ga ƙasa busasshiya, ya biya.

Injiniyan Titi:
Allah ya mayar da alheri, Malama, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma don kada a cakuɗa: na Maiduguri madatsar ruwa ce ta ɓalle, ba kududdufi aka cike ba. Ko kududdufi dubu aka bari a garin ba za su riƙe ruwan Alau ba. Hasali ma darasin da ni na ɗauka shi ne duk abin da aka gina don riƙe ruwa, in ba a kula da shi, wata rana shi zai zama bala'in. Nan ne tsorona yake da shawarar Hajiya. A takarda tana da kyau. Wa zai riƙa yashe bututun? Wa zai hana a zuba leda? Lambatunmu na kankare ma da kowa ke gani a ƙofar gidansa, sai damina ta zo ake tunawa da shi.

'Yar Gwange:
Na sani ba abu ɗaya ba ne, Injiniya. Abin da nake nufi, ruwan da ya zo bai yi ta yawo ba, kwari ya nema. Mu da muke kwarin mu muka fi shan wuya.

Maman Ilham:
Wannan tambayar ta kulawa ita ce mai nauyi a duk abin da aka faɗa, kuma ba zan ce ina da cikakkiyar amsa ba. Abin da na gani a aiki shi ne wurin da ba na kowa ba shi ke zama bola. Wurin da ke da inuwa da benci, dattawa na zama da yamma, matasa na ƙwallo, masallaci na kallonsa, ba mai iya juye shara a ciki ido na ganinsa. Shi ya sa ba a tura irin wannan wuri bayan gidaje. Gidajen ake juyowa su fuskance shi, titi ya zagaye shi. A sa raga a bakin kowace magudana da ke shiga, a yi ɗan ramin tare yashi wanda mutum biyu da shebur za su iya yashewa kafin damina. Bambancinsa da madatsa kuma, rami ne a ƙasa, ba bango ba ne da ke riƙe ruwa sama da kan mutane. In ya toshe cika zai yi ya malala, ba ɓallewa ba, kuma dole a zana masa hanyar malala tun farko.

Wani abu da ba a ambata ba: kowane gida a rukunin nan burtsatse zai haƙa. Gida ɗari biyu ko fiye suna zuƙa daga ƙasa, an kuma rufe saman da siminti an kora ruwan sama waje. Daga ina na ƙasan zai samu ƙari?

Ɗan Katsinan Maraɗi:
Gaisuwa gare ku daga Maraɗi. Ni aikin gandun daji na karanta. Wanga zance na itace da za a kewaye wurin da shi, ina roƙo kada a ɗauko irin na ado da sai an ba shi ruwa kullum. Mu nan mun ga abin da ya yi aiki. Tun wajen 1983 da Toni Rinaudo, wani ɗan Ostareliya, ya fara aiki da manoma kan abin da muke kira sassabin zamani, ba dashe aka yi ba. Kututturan da ke cikin gona masu tsiro ake bari, a zaɓi rassa masu ƙarfi a sassabe sauran. Da haka aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Dashen da aka yi ta yi kafin nan galibi mutuwa yake yi.

Saboda haka Ɗan Safiyo, tambayata gare ka: da kuka yi awo, kun ɗauki itatuwan da ke cikin gonar? Tsohuwar gona a ƙasar Kano ba ta rasa gawo, ɗorawa, tsamiya ko kuka. Itacen da ya shekara 40 a tsaye, saiwarsa ta riga ta kai ga danshi, ba ya neman kowa. In katafila ta ture shi, wanda za ku dasa a madadinsa sai 'ya'yanku su sha inuwarsa. A bakin ramin kuma ku sa jema ko gamba, saiwarsu na kama ƙasa. Amma ku yi hattara da kacalla, in ruwa ya daɗe kwance za ta shigo, kun ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru. Ta gefen da gonar ke gangarowa, in akwai wurin da ba za a gina ba, rami mai siffar rabin wata da muke haƙawa a faƙo yana rage gudun ruwa sosai.

Ɗan Safiyo:
Wallahi Malam ka taɓo inda ban yi tunani ba. Ba mu ɗauka ba, don ba ya cikin abin da aka ce mu kawo. Na tuna akwai gawo da yawa da wata babbar tsamiya kusa da ramin. Gobe da sassafe zan koma da yaro ɗaya mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu ɗauki mazauninsu da kaurin gindinsu. Aikin rabin yini ne.

Alhajin Filaye:
To ni dai har yanzu ba a amsa mini ba. Kuɗin mutumin fa?

Injiniyan Titi:
Alhaji, wannan ni zan amsa, duk da ni na fara cewa a cike. Cikon ma ba kyauta ba ne. Ramin da zai ci ƙasa kubik mita dubu bakwai ko takwas a cike, ka lissafa tifa nawa ke nan, ɗaruruwa ne. Kuma ba juyewa kawai ake yi ba, sai an bi shi hawa-hawa ana jiƙawa ana dannewa da rola, in ba haka ba gini ya zauna ya tsage. Ƙasan tsohon kududdufi laka ce, harsashin gida a kanta ya fi na kan tudu tsada nesa ba kusa ba. Ga lambatun da dole a ƙara masa girma har inda zai zubar. In aka cire duk wannan daga kuɗin fuloti 14, ribar ba ta kai yadda mai filin ke hange ba. Ɗan Safiyo, ka ba injiniyanku adadin ƙasar da ramin zai ci, daga awonka zai fito cikin minti kaɗan. Da wannan za ku shiga taron, don shi mai fili ya fi jin yaren kuɗi.

Ban sauka daga maganata ta kulawa ba fa. In ba a rubuta wanda zai riƙa yashewa ba, ni ba zan sa hannu a irin wannan zanen ba.

Alhajin Filaye:
Wannan magana ce. Kuma gaskiya fulotin da ke kallon fili mai bishiyoyi ya fi saurin fita, ana ma ƙara masa kuɗi kamar na kwana. Amma ku ji tawa: in za a bari, a fitar masa da takardarsa daban da sunan ƙungiyar mazauna unguwar, a shigar da shi a KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Kano, a matsayin filin jama'a, a kafa masa turaku manya. Mu a wurinmu filin da ba shi da lamba, fili ne da ke jiran mai saye. A awon igiya ma da ake yi a gefen gari, abin da ke fara tafiya ke nan.

Baba Tsohon Safiyo:
Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma wannan ma aikin safiyo ne. Ka ba ramin lamba kamar kowane fuloti, ka auna iyakarsa har da inda ruwa ke kaiwa in ya cika, ba bakin da ake gani da rani ba. Ka tambayi tsofaffin manoman wurin su nuna maka inda ya taɓa kaiwa a shekarar da aka fi ruwa, ka ɗauki tsayin wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga wannan tsayin za a faɗa wa kowane mai gini inda daɓen gidansa zai fara.

Ɗan Safiyo:
Salam. Na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. Mun koma fili ranar Talata, mun ɗauki itatuwa 63, gawo ya fi yawa. Wani dattijo da ya noma gonar ya kai mu har gindin tsamiyar ya nuna mana inda ruwa ya taɓa tsayawa, mun auna, ya haura bakin ramin na yanzu da santimita 40. Abokiyar aikina ta sake zanen a kan wannan, ta karkatar da titi ɗaya don ya kauce wa layin gawo.

An yi zaman yau. Na miƙa rahoton a rubuce. Mai filin bai amince da duka ba. Ya yarda a bar wuri mafi zurfi da tsamiyar, kimanin fuloti 9, amma yana son a cike gefen arewa a fitar da 5. Injiniyanmu ya ce sai ya sake lissafi ya ga ko abin da ya rage zai ɗauki ruwan in an ƙara masa zurfi kaɗan, kuma sai an gwada yadda ƙasar ke shan ruwa kafin ya ce komai. Maganar wanda zai riƙa kula da wurin ba a kai ƙarshenta ba, an ɗage zuwa mako mai zuwa.

Maman Ilham, in kina da samfurin yarjejeniyar kulawa da aka taɓa sa wa a takardar sayar da fuloti, don Allah ki taimaka mini da shi kafin Litinin. Injiniya, gwajin shan ruwan nan, rami nawa ya kamata a haƙa a wuri mai wannan faɗin?

Injiniyan Titi:
Kada su gaza uku, ɗaya a wuri mafi zurfi, kuma a haƙa har zurfin da ƙasan ramin zai tsaya, ba a sama-sama ba. A jiƙa su sosai tun da daddare, washegari a fara aunawa, don busasshiyar ƙasa ruɗi take yi. In kun samu alƙaluman ka turo mu gani.